Gilashin da Ba a Musu da Shi

Mijina mai ɗaukar hoto ne a Diguel, kuma bai taɓa yarda da kyamarar da ke saita kanta ba. Ko da ya sayi ta zamani, tsofaffin objektif ɗinsa na ƙarfe, wato gilasan gaban kyamara, ya ɗaura mata, irin waɗanda sai an murɗa da hannu. Da furfura ta fara kama gemunsa, hotunansa suka fara fitowa dishi-dishi. Wata sallah ya ɗauke ni a tsakar gida. Na fito kamar hayaƙi, akuyar da ke bayana kuwa har gashin wuyanta ana iya ƙirgawa.

"Malam, idonka ne," na ce.

"Idona lafiya lau. Ke ce kika motsa."

Ranar da ya tafi ta'aziyya Gassi, na san sai yamma zai dawo, na saka kyamarar a jaka na nufi wurin wani mai gyara, mutumin Nijar, kusa da gadar Ngueli. Ya cire objektif ya nuna mini wani ɗan gilashi a saman madubin da ke cikin kyamarar. Ya ce a kansa hoto ke sauka kafin ya kai ido, kuma na zamani mayaudari ne, komai tangaram yake nuna shi ko bai saitu ba.

Ya jera mini uku a kan farin ƙyalle. Ɗaya sumul, na masu kaifin ido. Ɗaya mai ƙananan ƙwayoyi da ke ƙyalƙyali har sai an saita. Na ukun yana da da'ira a tsakiya wadda ke raba abu biyu, sai an murɗa daidai rabi da rabin su haɗe.

"Wanne ne ba a musu da shi?"

Ya yi dariya, ya ɗauki na ukun da ɗan hantsaki ya saka a kyamarar. "Sai dai, Hajiya, in haske ya yi ƙaranci rabinsa na yin baƙi."

Washegari yayana ya zo hoton fasfo. Na laɓe a bakin ƙofa da tire a hannu. Malam ya kai kyamara ido, ya sauke, ya sake kaiwa. Ya san irin gilashin sarai, da shi ya koyi sana'a. Ya murɗa a hankali, ya danna, ya duba hoton ya daɗe. Sannan ya juyo da kyamarar kaina.

"Tsaya nan. Kin rabu biyu. Rabin sama mai carbi, rabin ƙasa mai yawo da kayan mutane."

"To, haɗa ni."

Ya haɗa ni, ya danna.

Tun daga ranar yake faɗa wa abokan sana'a cewa shi ya aika aka kawo masa gilashin daga Kousseri, har yana ba su shawarar wanda za su zaɓa. Na bar masa. Amma duk ranar da ya shiga ɗaukar hoton biki a ɗakin amarya mai duhu, rabin da'irar ya yi baƙi, zai dawo gida ya ajiye jaka ya ce, "Gilashinki ya ba ni wahala yau."