Takalmin Zuwa Gidan Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, soja ne har a wajen alwala. Da ya yi ritaya ya dawo Madabo da ɗan ɗingishi, kowa ya ce ya sayi adaidaita sahu ya huta. Ya ƙi. Ya ce abin kunya ne garin da duniya ta san shi da fata a ce mutanensa suna yawo da robar China. Ya zuba kuɗin sallamarsa a keken ɗinkin takalmi, ya buɗe shago a soron gidansu. A lokacin kuwa masana'antun Bompai da Sharaɗa sai rufewa suke yi, ana mayar da su rumbun kayan waje.

Ni ya fara ɗinka wa. Takalmi ne na gani na faɗa, sai dai nauyi kamar turmi, don Kawu bai san wani takalmi ba sai na fareti. Kafin a ce me ya saɓule mini dunduniya. Wa zai tari soja da wannan magana? Sai na yi dabara. Na riƙa ajiye shi a ƙarƙashin kujerar babur ɗina. In zan je gaisuwar Juma'a, in tsaya a bakin lungu, in cire ɗan Chinana mai laushi, in sa nasa, in taka zuwa soro, in cire a bakin tabarma. Iyakar tafiyarsa ke nan.

Ciniki ya ƙi. Kawu ya shiga wasiwasi: ko ya rufe shagon, ko ya sayar da gonarsa ta gado ya sayo babban inji. Gonar ce kaɗai ta rage masa.

Wata Juma'a ya ɗauki takalmina daga bakin tabarma ya juya ƙasansa. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ku duba nan!" ya ce wa abokan hirarsa. "Mutumin nan ba ya zama, amma ko alamar cinyewa babu. Wane ɗan China ne zai yi haka?" Ya juyo gare ni. "Ko ba kullum kake sa shi ba?"

"Kullum, Kawu."

Ka ji bakin ɗan Adam! Na daɗe ban ga ya yi murna haka ba, na kasa ɓata masa. Ya shafa takalmin ya ce, "To ni da nake da wannan a hannu, tsoron me nake ji?"

Aka sayar da gona, inji ya iso. Wuta babu, fata mai kyau kuma waje ake fita da ita. Ba a daɗe ba aka rufe shagon. Yanzu Kawu gadi yake yi a wata tsohuwar masana'anta da aka cika da takalman roba. Sun ɗauke shi ne don tsohon soja ne.

Mutane suna cewa ƙaddara ce, ni ma ina tayawa, amma abin yana cina. Tun daga lokacin kullum nake sa takalmin. Ya ji mini ciwo, ya yi mini kanta, daga baya ya saki ya bi ƙafata. Kuma wallahi da ƙyar yake cinyewa.

Juma'ar da ta wuce ya sake ɗaukarsa ya jujjuya.

"Maɗaurin ya fara saki," ya ce. "Bar mini shi in ɗan..."

Sai ya dubi kusurwar soron inda keken yake a da. Ya ajiye takalmin a hankali, ya gyara masa zama kusa da ɗan'uwansa.