Kular da Ta Fi Kowace Kula a Duniya

Har gobe ba zan manta da ranar da bakina ya kusa raba ni da aikina ba, kuma wai a kan kular abinci. Ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambaya me ya sa falona na unguwar Panyu ya cika da kwalaye kamar sito. To ku gyara zama.

Shekarar da 'yan kasuwa suka fara dawowa Guangzhou bayan annoba ta lafa an buɗe hanya ce. Ina nan a matsayina na mai muryar talla a kamfanin Alhaji Yusufu ɗan Maraɗi. Ga wanda bai san aikin ba, kamfanin yana tsakanin masana'antun China da masu saro kaya na Kano da Maraɗi da Yamai. A ɗauko bidiyon kaya, a ɗora masa murya da Hausa, a sa a shafukanmu, masu so su kira. Alhaji shi ne laoban, wato mai kamfani. Ƙasa da shi sai Hadiza manaja, wadda ta yi karatunta a nan, yaren China a bakinta kamar da shi aka haife ta. Maigidana Malam Bala yana wajen lodin kwantena. Ni kuwa a aji huɗu na firamare na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. In na ji 'yar Maraɗi sau ɗaya a waya, gobe zan yi talla da "wanga" da "munka" har ki rantse can aka yanke mini cibiya.

Abin da ya sa nake son aikin nan kamar raina, ba ya fitar da ni. Mutane na tasowa tun daga Kano su ga kasuwar Canaan, ni ina gari ɗaya da ita ban san ƙofarta ba. Jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ban ga abin da na ajiye a can ba. Hadiza ta turo bidiyo, in rage wutar miya, in rufe taga, in saki baki.

Wata rana ta turo bidiyon wata kula ja mai zanen furanni ruwan zinare. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma ta shiga raina. Na ce: "Ina matan ƙwarai? Ga kular da ta fi kowace kula a duniya, ta ɗaya babu ta biyu! Ki zuba tuwo ranar Juma'a, ki buɗe ranar Lahadi tururi ya ƙona miki hannu. Ni Asabe da kaina, da ita nake zuba wa maigida abinci." Alhali Malam Bala a tsohuwar samirar da na taho da ita daga Kano yake cin tuwonsa.

A wajenmu wa zai tuhume ni? Kowa ya san kirari ne. Mai tsire ma cewa yake nasa ya fi na kowa, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. To ashe Hadiza ta ji tallan ya yi daɗi, ta rubuta fassararsa da yaren China a ƙasan bidiyon, ta sa a shafinmu na nan China don masana'antu su ga muna da kasuwa. Akwai kuma mutane a ƙasar nan da sana'arsu ke nan: su bi tallace-tallace suna neman kalmar da doka ta hana, su kai ƙara. Ɗayansu ya tsince ni.

Ina cikin tankaɗen kuka Alhaji ya kira. "Hajiya, mi kinka ja muna? Hukumar da ke sa ido kan kasuwa ta aiko. Gobe ki taho ofis, lauya na son ganinki."

Na ce, "Alhaji, ba za ta ji ni a waya ba?"

Ya ce, "Wayar ce ta kawo mu nan."

Haka Malam Bala ya sa ni gaba muka shiga jirgin nan, ina riƙe da hannun rigarsa ina salati har muka fito unguwar Guangyuan, inda ofis yake. Lauyar wata 'yar ƙaramar mata ce, Madam Lin. Ta miƙo mini ruwan zafi a kofin takarda, ruwa zalla, ko ganyen shayi babu. Na ce a raina, to an fara hukuncin.

Hadiza ce ke fassara. Tambayar farko: "Wai Gwaggo, kulolin duniya nawa kika gwada kafin ki gane wannan ce ta ɗaya?"

Na ce, "Gaya mata kirari ne."

Suka yi ƙus-ƙus. Hadiza ta juyo. "Na ce mata kamar waƙa ce. Ta ce waƙar tana da daɗi, amma akwai farashi da lambar waya a ƙarshenta."

Sai lauyar ta yi mana bayani dalla-dalla. A dokar talla ta nan, ba a cewa kaya sun fi kowanne ko su ne na ɗaya. Duk abin da ka ce kaya na yi, sai kana da shaida. Ni ba na jin yaren, amma ina jin murya. Da aka zo wajen da na ce da ita nake zuba wa maigida abinci, na ji muryarta ta sauka ƙasa, irin ta likita in zai faɗi abin da ba a so. Hadiza ta fassara mini. Wai kamfani mai rajista ne, in tara ta zo a kansa za ta tsaya, ba mai taɓa gidan Alhaji na Maraɗi. Amma wadda ta kira sunanta ta ce ta yi amfani da abu, alhali ba ta yi ba, inuwar kamfani ba lallai ta rufe ta ba.

Madam Lin ta dubi Malam Bala ta tambaya ko a kular yake cin abinci. Bawan Allahn nan da ban taɓa jin ya yi sauri a komai ba, ya ce "Meyo," wato babu. Kalmar da ya iya ke nan, kuma ranar ya ga damar amfani da ita.

Alhaji ya cire hula ya shafa kai. "Ni dai in abin ga ya yi tsanani, rufe tallan murya zan yi baki ɗai. Mu koma hoto da farashi." Wato aikina ya tafi ke nan. Na ga kaina zaune a Panyu ba mai turo mini komai, ina yi wa tukwane surutu.

Shawarar lauya ita ce a sauke bidiyon nan take, a gwada kular a gaban kyamara, a sa gyara a daidai wurin da aka sa tallan, da muryar da ta yi shi, sannan a kai wa hukuma amsa. Sai ta tambaya ko cikinmu akwai wanda ya taɓa zuba abinci a ciki. Babu ko ɗaya. Har Alhaji da ya cika kwantena da ita.

Na dawo gida rungume da kular a jirgi kamar jaririya. Ranar Juma'a na tuƙa tuwon shinkafa, na zuba, na rufe, Hadiza na ɗauka. Tana fita na jawo bargo zan lulluɓe. Malam Bala ya ce, "Asabe, da bargon za a riƙa sayarwa?" Na mayar. Amma wallahi raina bai daina sa ran abin mamaki ba. Na faɗi maganar da daɗi har ni ma na yarda da ita.

Ranar Lahadi Hadiza ta dawo, ta saita waya, na buɗe murfi. Abin da ya fito ba tururi ba ne. Sai da yarinyar nan ta gudu baranda tana cewa, "Gwaggo, rufe, don girman Allah!" Washegari muka sake gwaji na hankali: na zuba da hantsi, na buɗe da la'asar, tuwo da zafinsa. Kula ce mai kyau, ba ta yi wa kowa laifi ba. Ni na ɗora mata abin da ba ta ce za ta iya ba.

Na zauna na yi gyaran, ba gishiri ba magi: "Ni ce Asabe. Na ce tuwo zai kai Lahadi, na gwada, ya yi tsami. Daga hantsi zuwa la'asar yana da zafi, wannan na gani da idona. Kulolin duniya kuwa ban zagaya na gan su ba." Ban taɓa yin magana mai wuyar fita irin wannan ba. Matan Kano suka cika shafin da "Gwaggo, lafiya kuwa?" Wata 'yar Maraɗi ta aiko murya tana dariya har da tari, ta ce a ajiye mata katan, ita dama ba ta da niyyar ajiye tuwo kwana biyu.

Hukuma ta ja mana kunne, ta ci kamfani tarar da Madam Lin ta ce mu gode wa Allah. Alhaji bai rufe tallan ba, amma ya kafa ƙa'idar da kuka tarar. Ba na magana kan kaya sai samfuri ya kwana a gidana. Duk abin da masana'anta ta ce kayanta na yi, ta rubuta ta sa hannu, in ya zama ƙarya ita ce a ciki. Kuma ba abin da ke hawa shafi sai Hadiza ta saurara. Kwalayen falona ke nan.

Abin da na koya, a kasuwa maganarka tana tsayawa inda muryarka ta kai, wanda ya ji kuma ya san al'adarka. A waya kuwa tana tafiya har inda ba a san kirari ba, a auna ta da ma'auni, a dawo a nemi mai ita. Don haka in daɗin baki ya ɗebe ku, ku tuna warin Lahadin nan.

Samirar Malam Bala kuwa na ɓoye ta. Tun daga ranar a jar kular nan yake cin tuwo, ko yana so ko ba ya so. Cikin maganganuna uku na tallan nan, ta abincin maigida kaɗai na iya mayarwa gaskiya.