Gidan Da Na Gina Ya Kori Uwata

A shekarun farko na jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin man fetur suka fara isowa har ƙauye, ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai a Tambuwal. Mijina ya rasu, na dawo gidan ubana wurin Inna, ina sayar da atamfa gida-gida da kuma ranar kasuwa. Kowa ya san bakina, ba a taka ni in yi shiru. A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna tabarma ɗaya da waɗanda na girma nesa ba kusa ba har na iya karanta wasiƙa in rubuta amsa. Karatun alheri ne, ba shi nika zargi ba. Abin da nika zargi shi ne kaina da ya kumbura. Tun ranar da na sa hannu da biro maimakon dangwala yatsa, na ɗauka duk wanda bai riƙe biro ba babu abin da zai gaya mini. Kwanan baya na ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe har takarda ake ba gida mai nuna yawan wutar da yake ci kafin ya zaunu, kuma takardar ce ke ɗaga kuɗinsa ko ta karya shi. Ina ji sai na ajiye abin da ke hannuna, don ni an taɓa yi wa gidana wannan awo, ba da takarda ba, da moɗar ruwa.

Gidan ubana soro ne na ƙasa. Kaurin katangarsa ya kai kamu biyu, rufin azara, tagogi 'yan ƙanana can sama, ga wani durumi a yamma da ya rufe rabin gidan da inuwa. Da bazara, in ka shigo daga rana sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙeya. Ruwan randar Inna har maƙwabta ke aiko a ɗebar musu. Ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yan ubana, baffana kuma ya yafe mana rabonsa, don haka gidan nawa ne da Inna, kuma ban da shanu biyu, shi ke nan abin da ubana ya bar mana a duniya. Inna 'yar Fakku ce ta ƙasar Kebbe, tun tana yarinya aka kawo ta wanga gida, kullum cewa take daga ɗakinta za a fitar da gawarta. Ni kuwa abin da nake gani a gidan yaɓe ne kawai. Kowace shekara kafin damina sai an nemi mai yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga. Na gaji da wannan, kuma har yau ban ce ƙarya na yi ba, wahala ce.

Sarin atamfa ya kai ni birnin Sakkwato, na shiga unguwar ma'aikata kai wa wata mata kaya. Na ga gidan bulo da siminti, kwano yana ƙyalli, tagogin gilashi manya, fanka tana juyawa a sama. Na zauna ina shan iska ina jin haushin katangar ubana. Ban lura da silin da ke ƙarƙashin kwanon ba, ban lura da itatuwan da ke kewaye ba, ban kuma tambayi kaina me zai faru in fankar ta tsaya ba. A hanyar dawowa na ga an jibge turakun wuta a bakin titi kusa da garinmu. Ga malaman firamare da ma'aikatan gona suna ta shigowa suna neman haya. Kafin motar ta tsaya na gama shawara: in rushe soron, in tayar da ɗaki fuɗu na bulo, biyu namu biyu na haya, darajar gida ta ninka.

Inna ba ta faɗin sunana don ni ce ta fari. Ta ce mini, ke wagga, me gidan ya yi miki. Na ce mata zamani ya wuce ta, in ta bar ni zan zaunar da ita inda matan manya ke zama. Na yi mata alkawari, da bakina, cewa ba za ta yi nadama ba. Sai ta aika aka kira tsohon maginin da ya yi wa ubana rufin, abokinsa ne, Baba muke ce masa. Ya zagaya, ya dafa katanga kamar mai lallashin doki, ya ce shi hannunsa ba zai rushe wannan ba. Ya ce in dole sai na yi, to ɗiyata ki bar katangar yamma da durumin, ki ɗaga rufin sama sosai, ki shimfiɗa ko da zana ce ƙarƙashin kwanon. Har da zolaya ya ce kwano ba rufi ba ne, faifan suya ne, shi bai taɓa ganin mai hankali ya kwanta a kasko ba. Na ce masa Baba, da ginin laka abin kirki ne da gwamna na cikinsa. Na ce shi da bai iya karanta ko lambar mota ba ya bar ni da abin da na gani da idona. Ya ɗauki sandarsa ya yi wa Inna sallama, ni ko kallona bai yi ba.

Na sayar da shanu biyu da ubana ya bari, na zuba jarin atamfata duka. Birkilan da na ɗauko ya ce saiwar durumi za ta fasa harsashi, na ce a sare. Da kuɗi suka yi ƙasa, aka ce in zaɓa tsakanin silin da tagogin gilashi, na zaɓi gilashi, don shi ake gani daga waje. Na sa aka ja waya a kowane ɗaki, har da ƙugiyar rataya fanka. Abu ɗaya ya tsira daga tsohon gini, ɗan ɗakin ajiyar hatsi a kusurwa, shi ma don kuɗin rushewa sun ƙare ne. Aka shafa fenti shuɗi. Mata suka yi ta zuwa kallo, ni kuwa ina tsaye a ƙofa kamar na ci yaƙi.

Turakun nan suna nan kwance a bakin titi har ciyawa ta rufe su. Malamai biyu suka kama hayar da iyalansu. Da sanyi ɗakunan suka zama kamar rijiya, raɓa na ɗiga daga kwano, 'ya'yansu na tari. Da bazara ta shigo kuwa, daga hantsi ba mai iya zama ciki. Bango yana riƙe zafi har bayan magariba, man kaɗanya ya narke a kwalba, tabarma ta yi zafi. Matar ɗayansu ta ce mini Hajiya, da kin gaya mana gidan burodi ne da mun zo da fulawa. Na zage ta tas. Kafin damina duk sun tashi, suka koma soron maƙwabcinmu, suna biyan fiye da abin da nake karɓa. Har lokacin ban sauko ba, cewa nake wuta na zuwa.

Inna ba ta taɓa cewa ga abin da na gaya miki ba. Sai dai ta ja tabarmarta zuwa ɗakin hatsin nan, tana wuni tsakanin buhuna da ɓeraye, don nan kaɗai take iya numfashi. Matar da na yi wa alkawarin zaman matan manya ke nan. A bazara ta biyu, wata rana bayan azahar, na same ta a faɗe a bakin ƙofa, jikinta kamar garwashi. Malamin asibiti ya ce jininta ya hau, zuciyarta ba ta ɗaukar irin wannan zafin, a nema mata wuri mai sanyi tun da sauran lokaci. A ranar na kira dillali. Niyyata in sayar da gidan in saya mata soro, ko ƙarami ne, a cikin Tambuwal, ta ƙarasa kwananta a garin mijinta kamar yadda take so.

Na so a kawo masu saye da safe, dillali ya yi dariya ya ce ba mai kuɗin da ke duba gida da safe. Na farko wani Alhaji ne mai fataucin hatsi daga Dogon Daji, ya zo rana na tsaka. Bai kalli fenti ba, bai kalli gilashi ba. Ya shiga ɗakin yamma ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya janye da sauri. Ya ɗaga kai ya dubi kwano tsirara. Sannan ya ce a ba shi ruwa, kuma daga randar cikin ɗakin. Randar Inna ce, wadda maƙwabta ke aiko wa. Ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo mini moɗar, ya ce an gode. Ya nuna kututture ya tambaya wa ya sare durumin, na ce ni. Ya ce Allah ya kyauta. Tayin da ya yi kuɗin fili ne kawai. Na yi tsalle na ce simintin fa, kwanon fa, ko sadaka ya zo nema. Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, shi gida yake nema ba ƙarin iyali ba. Wanga gida sai an saya masa injin wuta, an ciyar da shi mai kullum, sannan ya bar mutum ya zauna. Na biyu da na uku ba su ma yi tayi ba. Na je na taya wani soro da bai kai rabin wanda na rushe ba, aka gaya mini kuɗin da gidana duka bai kai ba.

Inna ba ta iya jira. Kawuna ya zo ya ɗauke ta zuwa Fakku, ya ba ta ɗakin ƙasa a bayan gidansa. Da za ta hau mota ba ta waiwayi gidan ba, randarta kawai ta ce a ɗora mata. Da na je duba ta, ta ɗebo mini ruwa daga cikinta, sanyi har haƙori, ta ce ke wagga, sha, kin ga ashe ba randar ce ta lalace ba. Tun da aka rushe soron, iyakar abin da ta taɓa faɗa mini ke nan kan maganar. Ta rasu kafin kaka, a ɗakin aro, nesa da kabarin mijinta. Daga baya na sayar wa Alhajin nan a kan tayinsa na farko. Abin da ya fara yi shi ne dasa itace a gurbin durumin.

Na je neman gafarar Baba magini na tarar ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu a Kebbe nake, cikin ɗaki ɗaya na ƙasa, kuma kowace shekara da hannuna nake yaɓe shi ba tare da ƙorafi ba. Ban ce kada kowa ya yi ginin bulo ba, akwai waɗanda suka yi shi da hankali suna jin daɗinsa. Abin da nika cewa shi ne darajar gida ba a fenti take ba, tana ga yadda yake riƙe mutum ranar da ba wuta ba fanka, kuma mai saye ya san haka ko ke ba ki sani ba. Mata 'yan'uwana masu tara kuɗin sana'a don gini, kada ku sare itace, kada ku bar kwano tsirara don ku sayi abin da za a gani daga titi, kada ku gina kan wutar da ba ta iso ba. In tsoho ya yi magana kan aikinsa, ku rufe baki ko kun fi shi karatu. In kuma gida za ku saya, ku je da rana tsaka cikin bazara, ku dafa bangon yamma, ku nemi ruwan randa. Ni sai da baƙo ya miƙo mini moɗa na gane, alhali uwata ta shekara biyu tana shan ruwan nan mai ɗumi ba ta ce komai ba.