Foldar da Maude Mai Hoto Ya Bari Ƙarshe

Duk wanda ya yi aure ko suna a ƙauyukan da ke tsakanin Safana da Batsari, in dai yana da hoton ranar, to Maude ne ya ɗauka. Gajeren mutum ne mai saurin hawa, wanda zai tsayar da ango cikin rana ya wanke shi tas don ya ƙifta ido. Da ya samu hali ya sayi tsohuwar laftof ya riƙa zuba komai a ciki, kowane ƙauye da foldarsa. Ba ya goge hoton kowa, ko da na wanda suka yi baram-baram ne.

Sai ’yan bindiga suka zo. Ƙauyensu da ke ƙasar Safana ya watse, gidansa ya ƙone da duk hotunan da ya wanke, ya tsira da iyalinsa da kwamfutar a cikin buhu. Ya kama rumfa a Batsari. Ba a jima ba aka tare ɗansa na fari, Rilwanu, a hanyar gona, aka kashe shi, aka tafi da babur ɗinsa da wayarsa.

To ga abin takaicin. Maude da ya ɗauki hoton rabin ƙasar nan, bai taɓa ce wa ɗan nan tsaya in ɗauke ka ba. Ɗan fari ne, ana kunyarsa. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai “yaron nan”, haka ma uwarsa Safiyatu. Abin da ya rage na Rilwanu a duniya bidiyo ne guda ɗaya tak, wanda ya ɗauki kansa ranar da yake gwada sabuwar kyamara, yana dariya yana kwaikwayon faɗan ubansa. Maude ya ware masa folda, bai taɓa buɗe ta gaban mutane ba.

Ita kuwa kwamfutar ta tsufa tukuf. Batir ya mutu, sai an tada inji. Ramukan da ake soka filas a kwafi hotuna duk sun ƙone. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Mai gyara ya ƙi ko kwance ta, ya ce ma’ajiyar cikinta na gargara, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Ga shi lokacin an katse sabis a yankin gaba ɗaya, balle a tura wani abu ta waya.

Ana haka wani Abdulkahar, ma’aikacin wata ƙungiya a Katsina, ya ji labarin hotunan ya zo. Ya juya kwamfutar ya nuna wani rami mai faɗi a gefe, ya ce wannan yana da rai. Da kebul guda zai haɗa ta da tasa kai tsaye, a kwashe komai, ya ba Maude nasa kwafin hotunan.

Ranar da za a yi aikin, Safiyatu na tsugune gaban murhu, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Malam, in an kwashe, ka taho mini da yaron nan.” Ba ta taɓa roƙonsa wannan ba.

Ranar kasuwa ce, labari kuma ya bazu. Mutanen ƙauyukan da suka watse suka cika rumfar, dattawa suka jeru a benci bayan Maude, har da surukinsa Malam Barau, mahaifin Safiyatu. Aka tada inji. Abdulkahar ya soka shuɗin kebul nan da can, ya ba kowace kwamfuta lambarta don su gane juna, sai ga foldojin Maude sun bayyana a allon tasa. Bai yi wata-wata ba ya nufi wadda Maude ya tara hotunan rumbunan da aka ƙona da gawarwaki a ciki.

“Mi kake yi?” in ji Maude.

“Baba, waɗannan su ne shaida. Su ake buƙata a ofis.”

Maude ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. “Ofis ɗinku bai san da mu ba sai da muka zama toka? Ina kuke muna aure, muna suna, muna sussukar gero? Mutanen nan da ka gani tsaye, gawa suka zo kallo? Sun ga gawa sun ƙoshi. Fuskokin ’yan uwansu suke so, da rai, da kayan Sallah.” Ya ɗora hannu a kan kebul ɗin. “Wallahi ko ka bari, ko in zare tsiyar nan ka kama hanyar Katsina.”

Abdulkahar ya janye hannunsa. “Allah ya huci zuciyarka, Baba. Kai ka zaɓa. Amma ka fara da wadda ta fi tsaya maka a rai, don ban yarda da kukan kwamfutar nan ba.”

Maude ya dubi allon. Ga foldar yaron nan can a ƙasa, ita kaɗai. Ya ji numfashin dattawa a ƙeyarsa. Ya zai buɗe baki gaban surukinsa ya ce a fara da ɗansa na fari, alhali ga masu ’ya’ya a kabari tsaye suna jira?

“Fara da na mutane,” ya ce.

“Wannan ’yar ƙaramar fa? Yanzu za ta wuce.”

“Bar ta. Shirmen yara ne.”

Malam Barau ya gyaɗa kai, alamar ya yaba. Ni dai wannan gyaɗa kan yana ba ni haushi har yau.

Koren layin da ke nuna tafiyar aikin ya fara rarrafe a allo. Ƙauye bayan ƙauye yana tsallake kebul. Wata tsohuwa ta hango mijinta a allo da rawanin Sallah, ta toshe baki da mayafi. Wani ya ga ƙofar gidansu da bishiyar da ke gabanta. Maude na tsaye yana fifita kwamfutar da kwali, zufa na zuba, idonsa na kan foldar ƙasa. Duk foldar da ta wuce sai ya yi niyyar magana, sai wani ya matso ya ce saura ƙauyenmu, Maude.

Sai wani ƙas-ƙas ya fara fitowa daga cikin tsohuwar kwamfutar. Koren layin ya tsaya cak. Allon ya yi baƙi. Aka kashe, aka kunna, aka sake kebul, aka bari ta huce. Ba ta ƙara tashi ba.

Mutane suka yi ta sa masa albarka, don mafi yawan ƙauyukan sun tsallaka. Malam Barau ya riƙe hannunsa ya ce, “Ka yi kara, Maude. Haka aka san ɗan mutunci.” Maude ya zare hannunsa. Da ba suruki ba ne, da ranar kasuwar Batsari ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Haushin ’yan bindiga yake ji, da na ofis, da na bencin dattawan nan, amma wanda ya fi ci masa rai na bakinsa ne da ya ce shirmen yara.

Ya shiga gida da matacciyar kwamfutar a hammata. Safiyatu ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta juya za ta shige ɗaki.

Maude ya tsaya tsakar gida. “Rilwanu,” ya ce da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. “Sunansa Rilwanu. Ban taho miki da shi ba.”