Tukunyar Ruwan Bawa

Duk Buza ba wanda bai san Inna Cima mai sai da gabu, busasshen ganyen albasa, ba. Gajeriya ce, amma in ta kira akuyarta daga bakin kasuwa har 'yan tasha sai sun waiga. Daga Babankatami aka kawo ta aure gidan Bawa magini, shekara arba'in ke nan. Da Allah ya yi masa rasuwa bara waccan, ya bar mata ɗaki biyu, da tsani, da tantabaru sun fi sittin. Bawa kam mutumin tantabara ne. Da zarar 'yan shila sun girma sun haɗa aure, sai ya hau tsani ya rataya musu tukunya a jikin katanga, su ma su yi gidansu.

To, mai ratayawa ya tafi, tantabaru kuwa ba su daina ƙyanƙyasa ba. Matasan cikinsu suka tsallaka hanya suka tare a ƙarƙashin kwanon masallacin unguwa. Kai, tabarmi sun ga ta kansu! Yaƙubu ladan, shi ke shara, sai ya share da safe, kafin azahar kamar bai taɓa ba. Ya rataya leda, ya buga gwangwani, ya kafa mutum-mutumi, tantabaru suka mai da shi wurin shan iska. Ran nan ya kama ashirin ya cusa a kwando, ya hau moto har Karofane ya ba surukinsa kyauta. Bawan Allah bai san ana fige musu fiffike ba. Kafin ya dawo ya kurɓi ruwa, ga su jere a kan kwano suna gyaran gashi. Aka yi sati ana masa dariya.

Dariya ta ƙare ranar da kashi ya sauka a rawanin Liman ana tsakar sallar la'asar. Maza suka yanke shawara, in Juma'a ta zagayo za a jiƙa dawa da maganin fara a watsa. Guba kuwa ba ta tambayar ta masallaci ko ta gida. Duk garken Bawa zai kwanta ke nan.

Ladan ya zo faɗa wa Inna Cima yana sosa ƙeya. Cima ta ajiye faifai ta dube shi sama da ƙasa.

"Ladan, kai da anka riga ka gida daga Karofane, kai za ka koya min tantabara? Ba masallaci su ka so ba, ɗaki su ka biɗa. Ku ba ni kwana bakwai."

"Inna, in ba su tashi ba hwa?"

"Su tashi. Shekara arba'in ina kallon marigayi, ba kwana ni ka yi ba."

Ta bi unguwa gida-gida tana roƙon tsoffin tukwane, mai tsaguwa, mai ɓallen baki, duk kawo. Mata suna mata tsiya, wai Cima za ta sake jere da tsufanta. Ta ce eh, amare goma sha biyar gare ta, kowa ta zo buɗar kai. Ta tara tukwane goma sha huɗu. Kullum bayan asuba, kafin tsuntsaye su fita kiwo, sai ta tsaya a gindin tsani a masallaci tana ba ladan umarni. Ya sauko da sheƙa da ƙwanta da iyayen, ita ta fige musu gashin fiffike kaɗan yadda ba za su yi nisa ba, ta kai su gidanta ta sa su a tukunya ƙasa-ƙasa, ga dawa ga ruwan kanwa. Duk ramin da aka kwashe, ladan ya toshe shi da laka.

Ranar Alhamis aure ɗaya ya rage, wani farin namiji mai taurin kai da matarsa. Tukunya ta ƙare a unguwa kakaf, sai ɗaya. Tana can ƙuryar ɗaki, tukunyar ruwan Bawa, wadda ba wanda ya sha a cikinta sai shi. Shekara biyu Cima tana goge ta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ko jikokinta. Ta daɗe tsaye a kanta. Sannan ta rungumo ta ta fito.

Ladan ya gane tukunyar, don ya sha ganinta a zaure lokacin Bawa na da rai. Ya ce, "Haba Inna, wagga kuma? Bari in nemo wata kasuwa."

"Kasuwa sai bayan Juma'a, guba kuwa gobe ta. Riƙe min tsani dai. Da marigayi na nan, ita za shi hwara ratayawa."

Ita da kanta ta hau mataki uku ta ɗaure ta a turken da Bawa ya kafa na ƙarshe.

Juma'a ta zo ta wuce, ba a jiƙa dawa ba. Gashin fiffike ya tsiro, ba wadda ta koma masallaci, Liman ya sake naɗa farin rawani. Yanzu in Cima ta fito da safe da ƙwaryar dawa, tukunyar Bawa take fara leƙawa. Jiya ta tarar da 'yan shila biyu a ciki, ta aika a gaya wa ladan ya fara neman tukunya.