Kwatano ko Lome: Tafiyar Madam Rahila

Ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da Dokta, shugabanmu, ya kira ni biro ɗinsa, wato ofis, ya rufe ƙofa, ya ajiye mini ambulan a kan tebur ba. Lokacin ina cikin shekarata ta uku a matsayin ma'aji a ƙaramin asibitinmu na Talaje, a nan Yamai. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ma'aji shi ne mai sayo magani da auduga, mai biyan kuɗin wuta da na ruwa, kuma shi ne wanda kowa ke harara idan albashi ya yi jinkiri. Amma shirya wa mutum tafiyar shaƙatawa, ba a taɓa ɗora mini ita ba sai ranar.

Dokta ya ce, "Sani, ka san ƙarshen watan gobe Madam Rahila za ta ajiye aiki."

Na ce na sani. Wa bai sani ba? Madam Rahila ita ce babbar ungozomarmu, ƴar Dogon Dutsi, Kirista, ta fi shekara talatin tana karɓar haihuwa. Dukanmu Maman muke ce mata, har Dokta. Akwai wata magana da ba ta rabo da bakinta. Duk ranar da ta gaji, sai ta cire takalmi ta miƙe ƙafa ta ce, "Ni dai kafin Ubangiji ya kira ni, ina so in ga ruwan nan da ba a ganin ƙarshensa." Teku take nufi. Iyakar ruwan da ta sani a duniya shi ne kogin Isa da ya ratsa Yamai.

Ashe ma'aikata sun yi karo-karo a ɓoye, daga likita har mai shara, sun tara jika ɗari da tamanin don a kai ta ta ga teku, su ne a cikin ambulan ɗin. Jika ɗaya dai dubu ɗaya ce ta sefa. Dokta ya ce, "Gari biyu na bakin teku ne a gabanmu, Kwatano da Lome. Ka bincika wanda ya fi sauƙi, ka kawo mini a rubuce ranar Juma'a. Kuma kada ta ji."

A shekarun nan hanyar Gaya, garin kan iyaka, a buɗe take, manyan motoci na tashi kowace asuba. Na je tasha, na tsaya wurin mai sayar da tikiti, na rubuta farashi. Kwatano, zuwa da dawowa, wajen jika arba'in da biyar. Lome kuwa jika sittin, saboda ta fi nisa, kuma sai an ƙara tsallake iyaka ɗaya. Na buga waya otal biyu a kowane gari, na tarar kuɗin kwana kusan ɗaya ne, jika goma sha biyar. Na koma biro na ja layi a tsakiyar takarda, Kwatano a dama, Lome a hagu. Kafin azahar na gama. Kwatano ta ci: kwana biyar, da abinci, har da ɗan canjin tsaraba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na yi niyyar kai wa Dokta takardar tun ranar Talata don ya ga ƙwazona.

Abin da ya hana ni shi ne katin rigakafi. Ba a tsallake iyaka sai da shi, ni kuwa ban san ko Maman tana da nata ba. Sai na yi dabara. Na same ta a bakin ɗakin haihuwa tana shan shayi, na zauna kamar hira ce ta kawo ni, ta zuba mini ni ma.

Na ce, "Maman, yanzu a ce wani ya ba ki tikiti kyauta ki je ki ga tekun nan naki, za ki je?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ni da wa?"

"Ke kaɗai mana."

"To ya riƙe abinsa, ɗana. In tafi in bar Mushe? Mutumin da ko tafasa ruwa bai iya ba? Kuma idan na ga abin mamaki, wa zan taɓa in ce masa dubi?"

Mushe Bulus shi ne mijinta, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe da Faransanci; shi yake kawo ta aiki a kan babur kowace safiya. Na yi dariya tare da ita, na tashi. Ko maganar katin ban iya yi ba. Duk lissafina na mutum ɗaya ne.

Na koma na sake jan layi. Mutum biyu zuwa Kwatano, kuɗin mota kaɗai ya cinye rabin abin da ke hannu. Sauran ba zai wuce kwana uku ba, shi ma sai an tsuke baki wajen abinci. Lome kuwa kwana biyu da ƙyar. Tafiyar da ake kwana a hanya, tsofaffi biyu, su isa jiki duk ciwo, kafin su warware a ce su juyo? Wannan ba kyauta ba ce, wahala ce. Kuma ba ni da fuskar da zan koma wurin mai shara da mai gadi in ce su ƙaro, don na san yadda suka matse kansu kafin su ba da na farko.

Ranar Laraba da la'asar ina zaune a gindin bishiyar bedi da takardata, sai ga Malam Isufu, direban motar ɗaukar marasa lafiya. Kafin ya zo wurinmu ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa bakin teku. Yana cikin waɗanda suka yi karo-karon, saboda haka na nuna masa. Ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Sani, wa ka tambaya?"

Na ce, "Mai sayar da tikiti, da masu otal."

"To ai masu karɓar kuɗi ka tambaya. Masu biya fa? Ina kuɗin babur a Kwatano? Otal mai araha ba ya bakin ruwa, kullum sai sun hau zuwa da dawowa. Ina abin da ake ba masu duba takarda a kan iyaka? Ina na abincin hanya, daga Doso har Faraku?"

Duk abin da ya ambata ƙari ne a kan lissafin da ya riga ya gaza. Na ce, "Malam Isufu, taimako na nema, kai kuma ka ƙarasa ni."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce in je gidan Hajiya Fati, mai shagon atamfa a bayan kasuwar unguwa. Duk wata sai ta je Lome sarin kaya, kuma ta san Kwatano kamar tafin hannunta. "Ita za ta faɗa maka inda talaka yake kwana, ba inda ake rubutawa a allo ba."

Washegari da hantsi na tafi. Na tarar da ita tana auna wa wata mata yadi. Muka gaisa, na ce daga asibiti nake, ina neman sanin masauki mafi araha a Kwatano ko Lome, na mutum biyu, dattawa.

Ta ce, "Su wane ne?"

Na tuna an ce kada a ji. Sai na rage murya na ce, "Madam Rahila da maigidanta. Amma don Allah, Hajiya, sirri ne."

Ta ajiye almakashi. "Wace Rahila? Maman ta ɗakin haihuwa?"

"Ita."

"Kuma ka tsaya a gabana kana tambayata otal?" Ta juya wurin matar da ke jiran yadi. "Kin ji yaron nan? Matar da ta karɓi tagwayena, na biyun ya fito ba ya numfashi, ta yi ta fama da shi har ya yi kuka. Ga shi can yanzu yana jami'a, ya fi ubansa tsawo. Ita ce za ta je Lome ta kwana a otal ina raye?"

Na ce ai ba a ma tsai da Lome ba, Kwatano ta fi araha.

"A takardarka. Ƙanena Alhaji Musa yana da gida a Lome, akwai ɗakin da nake sauka, ga fanka, ga banɗaki a ciki. Daga ƙofar gidan zuwa bakin ruwa da ƙafa ake zuwa. Matarsa kuwa ba ta iya dafa kaɗan ba. Su zauna har su gaji."

Na tuna mata cewa Kiristoci ne, ko zai zama takura ga mutanen gidan. Ta dube ni kamar na yi sakarci. Ta ce, "Ranar da ta karɓi ƴaƴana ta tambaye ni addinina? Akwai coci a layi na biyu, ran Lahadi a raka su." Nan take ta ɗauki waya ta kira Alhaji Musa, ta ƙara murya don in ji da kunnena. Shi ma bai bari ta gama ba ya ce, "Yaushe za su iso?"

Ranar Juma'a na shiga wurin Dokta da takarda biyu, ta farko da ta ƙarshe. Na bayyana masa yadda mutum ɗaya ya koma biyu, da yadda garin da ya fi tsada ya koma mafi sauƙi. Lome: kuɗin mota jika ɗari da ashirin, masauki kyauta, saura jika sittin.

Dokta mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce, "Idan suka isa aka samu akasi fa? Alkawarin baki ba rasit ba ne."

Na riga na yi tunanin haka. Na nuna masa inda na ware jika talatin, kuɗin otal na kwana biyu, a ƙulle daban, kada a taɓa sai dole. Sauran talatin na hanya ne da na kashewa. Ya ɗauki bik ya sa hannu, ya ce, "Ka saya." Katin rigakafin kuwa, shi da kansa ya warware matsalar. Ya sanar cewa za a duba katin duk ma'aikata da na iyalansu, wai sabon tsari ne. Maman ta kawo nata da na Mushe tana gunaguni, tana cewa sai da za ta tafi aka tsiro da ƙa'idoji.

Ranar walimar sallama muka shimfiɗa tabarmi a farfajiya, aka dafa dambu da kaji. Bayan jawabai Dokta ya miƙa mata tikitin. Ta gyara tabarau ta karanta, ta ga Lome. Sai ta ga akwai na biyu a ƙasa, da sunan Bulus. Ta ɗago ta neme ni da ido cikin taro, ta nuna ni da yatsa.

"Kai! Ashe shayin nan da ka zauna ka sha mini ba na Allah ba ne!"

Wuri ya kaure da dariya. Ita tana dariya tana share hawaye da bakin gyale. Mushe Bulus kuwa ya karɓi nasa tikitin, ya juya shi gaba da baya, ya tambaya a natse ko akwai wanda zai riƙa tayar masa da babur kada batir ya mutu.

Akwai abin da ni kaina ban lura da shi ba sai da suka tafi. Motar Lome ta Kwatano take bi. Ta nan suka ratsa, suka ga babbar kasuwa da gada ta taga, sannan hanya ta bi da su gefen ruwa har cikin Togo. Garin da na soke a takarda, sai ga shi sun gan shi a cikin kuɗin ɗayan.

Kwana biyu da tafiyarsu, wajen ƙarfe goma na safe, wayata ta yi ƙara. Maman ce. Ba ta ko yi sallama ba, sai cewa ta yi, "Sani, tara mini su." Na fita na kira ma'aikatan da ba su da mara lafiya a hannu, muka yi cincirindo a kan ƴar wayata. Ta ce, "Ku saurara." Muka ji wani irin ruri yana tasowa yana faɗuwa, kamar ana zazzage tirelar yashi ba ƙaƙƙautawa. Can muka jiyo muryar Mushe yana cewa, "Rahila, matso baya, zai ja ki!" Ita kuwa tana ta ƙyalƙyala dariya kamar yarinya.

Kwana tara suka yi. Kuɗin otal ɗin da na ƙulle ba a taɓa shi ba, da shi ta yi wa kowa tsaraba: kwakwa, busasshen kifi, da garin rogo. Ta kuma zo da ruwan teku a gorar roba, ta sa mai gadinmu ya ɗanɗana don ya ƙi yarda cewa da gishiri a ciki. Ya kurɓa, ya tofar, ya ce lalle wanda ya zuba gishirin nan ba shi da tausayi.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ga abin da na ɗauka daga wannan tafiya. Lissafina na farko babu kuskure a cikinsa ko na dala ɗaya, amma da na bi shi da na sayi tikitin da mai shi za ta mayar mana. Ban san wadda nake yi wa lissafin ba, ban kuma tambayi waɗanda suka taka hanyar da ƙafarsu ba. Tun daga lokacin, ko injin awo za a saya, sai na fara zuwa wurin wanda zai yi aiki da shi kafin in je wurin mai sayarwa. Na kuma gane cewa masu aikin asibiti suna da wata ajiya da ba ta biyowa ta hannun ma'aji. Tana can a gidajen mutanen da suka yi wa hidima, wani lokaci har a wata ƙasa, kuma su kansu ba su san da ita ba sai ranar da aka ambaci sunansu.