Gahawar Don Eleuterio

Mahaifina, Don Eleuterio, shekara arba'in yana noman gahawa a kan tudun Marcala, kuma duk shekarun nan Chepe dillali yake sayar wa. Chepe mutum ne da zai zo ya shuri buhu da ƙafa, ya yanka farashin da ya ga dama. In ka ƙi, ka dafa abinka ka sha.

Hanyar tsira ɗaya ce, ƙungiyar manoma ta karɓi gahawarka ta fitar waje. Gwaji uku take ba mutum. Baba ya faɗi biyu, bana ne na ƙarshe.

Wallahi tsohon nan ya wahala. Jajayen 'ya'ya kaɗai ya tsinka, ɗaya bayan ɗaya, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Wajen wanke 'ya'yan kuwa sai da fatar hannunsa ta saɓe. Ya shanya ke nan ruwa ya tsuge, kwana tara ba rana.

Ni ce mai ɗanɗana wa ƙungiya gahawa a gwajin. Lamba ake sa wa kofuna, ba suna, don kada a yi son kai. Ina kurɓar na goma sha huɗu na ji hayaƙi, hayaƙin itacen kicin ɗinmu, wanda na tashi a cikinsa. Ashe tsoron ruɓewa ya sa ya ɗora gahawar a ragar saman murhu, inda muke busar da masara tun zamanin kakanni. Masara ba ruwanta da hayaƙi, gahawa kuwa shanye shi take yi.

Na daɗe riƙe da biro. In na ɗaga masa ƙafa, buhunsa zai ɓata na mutum sittin in an haɗa. Na rubuta bai ci ba, raina kamar ya fita.

Na iske shi a tsakar gida yana wasa adda.

"'Yar boko, yaya? Harshen naki mai tsada ya ce me?"

"Baba, me ya kai ka murhu?"

"Au, in zuba ido ta ruɓe? Kwana tara ina juya ta da hannu, idona kamar barkono. Ke kin san zafin hayaƙin nan."

"Na sani."

"To a takardar taku babu inda ake rubuta wannan?"

"Babu, Baba. Abin da ke cikin kofi kawai ake tambayata."

Haushi ya kama ni, na rasa wa zan zaga, ruwan sama ko takarda ko kaina. Shi dai bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ajiye addar, ya juya ya dubi buhunan.

"Nohemi, kin yi aikinki," ya ce. "Saura abu ɗaya. Ki kira min Chepe gobe. Na riga na ce masa ba zai ƙara taka gidan nan ba, bakina ba zai iya kiransa ba."